Hoton Surukina a Bakin Ruwan Goronyo

Sakkwato zuwa Wurno

Ana sallame asuba na rataya jaka na nufi tasha. Matata Hassatu ce ta tashe ni wannan tafiya. Mahaifinta, Baba Jaɓɓi, zai ƙaura da shanunsa zuwa Nijar saboda ɓarayin daji, ga tsufa ya kama shi, ita kuwa ko hotonsa ɗaya ba ta da shi, alhali ɗaukar hoto ce sana'ata.

A jakar akwai kyamarata da wani tsohon gilashin kyamara da na tsinta a kasuwar 'yan gwangwan. Ya girme ni. Da zoben ƙarfe nake haɗa shi da kyamarar zamani, da hannu kuma ake saita shi. Abin da nake so da shi, yana fito da mutum tas, bayansa kuwa ya narke dishi-dishi. In ka huda baƙin kwali ka rufe bakinsa da shi, duk wani ɗigon haske da ke baya sai ya ɗauki siffar hudar.

Bayan Acida muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗayansu ya ɗaga gilashin yana juyawa.

"Wanga hwa, mi ne ne?"

Direba ya riga ni: "Mai hoto ne, ranka ya daɗe. Gyara hula ya ɗauke ka."

Jami'in ya yi dariya, ya ce mu wuce. Da hantsi muka shiga Wurno, na karya da waina da miyar taushe.

Wurno zuwa Goronyo

Mota ta daɗe ba ta cika ba, sai bayan azahar muka isa Goronyo, ni a matse tsakanin buhunan albasa. Daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ni rugar Baba Jaɓɓi. Sunan wurin kam ba zan faɗa ba, haka na yi alkawari.

Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi, aka kawo fura da nono. Da na sha, na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa.

"Malam Nasiru, ban so," in ji shi. "Hoto ba shi zama wuri guda. Yau shina wayarka, gobe shina wayar wanda ka ƙirga shanuna, ya gane iccen da nike kwana."

Gaskiyarsa. Na roƙe shi in gwada da randar da ke gabanmu. Na ɗauka na miƙa masa. Ga randa har tsagarta ana gani, bayanta kuwa babu bukka babu itace, sai launi kawai. Ya daɗe yana duba kyamarar, yana ɗaga kai yana duba bukkokin.

"Ina sunka tahi?"

"Suna nan, Baba. Gilashin ne ba shi ganin su."

Bai ce e ba. Ya dai ce da la'asar shanu za su sha ruwa.

Bakin ruwa

Rana ta karkata, ruwa yana ta ƙyalli tsakanin ƙafafun shanu. Baba ya fito da shuɗiyar riga da malfa, sanda a kafaɗa. Na ɗora kwali mai hudar tauraro, ƙyallin nan duk ya zama taurari a bayansa, na nuna masa.

"Mi za ni yi da taurari da rana tsaka? Ba ka da ƙaho?"

Na zaro reza na yanka hudar ƙaho a wani kwalin. Ya leƙa ya ce wannan ƙahon akuya ne. Ya sunkuya ya zana na jar saniyarsa a kan yashi da sanda, na bi zanen. Ɗaukar farko ƙahonin suka fito a kife, ya yi dariya har da tari. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan. Na juya kwalin, na saita, na danna.

Ga Baba tsaye, kowane layin fuskarsa a fili, bayansa ƙahonin haske rututu, ba saniya ɗaya da za ka nuna. Na miƙa masa ya duba. Can ya ce, "Ka ce ma Hassatu ina lahiya."

Na kwana a Goronyo, na ci soyayyen kifi har na ƙoshi.

Raba zuwa gida

Washegari na komo Wurno, na hau kabu-kabu na ratsa ta Raba don ƙanwar Baba, Goggo Inno, ta ga hoton. Ta riƙe kyamarar da hannu biyu, ta kira maƙwabta, sannan ta ɗaure mini man shanu in kai gida.

Kafin magariba ina Sakkwato. Hassatu ko sannu da zuwa ba ta gama ba na miƙa mata kyamarar. Ta zauna a bakin tabarma tana kallo, tuwo yana kan wuta.

"Ya rame," ta ce. Ta share ido da bakin mayafi. "Malam, ka wanke shi babba. Kuma kar ka sa shi ga waya."

Ban sa ba. Yana rataye a ɗakinta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, na gode wa Baba Jaɓɓi da ya tsaya mini. Allah ya sauke su lafiya inda suka nufa.