Ƙonanniyar Gyaɗar Gwaggo Saude

A gidan man gyaɗa na Hajiya Mero da ke Zoza, kowa ya san kaskon suya na Gwaggo Saude ne. Tun tana goyon ɗanta na fari take juya gyaɗa cikin yashi mai zafi, ga shi yau har da jikoki. Akwai ta da faɗa, amma faɗan a fatar baki ya tsaya. Duk wanda ya zauna da ita sai ya ƙaunace ta.

Ita ta kafa wata al'ada a gidan. In sabuwar ma'aikaciya ta ƙona gyaɗa a suyarta ta farko, ba a yi mata faɗa, ba a kuma zubarwa. Sai a juye a faifai, kowa ta ɗiba ta ci, ana yamutsa fuska ana dariya. "In mun ci tare, laifin ya zama na kowa," in ji Gwaggo. Shi ya sa matan gidan ba sa tsoron koyo, ba sa kuma barin aikin sai in aure ya kai su nesa.

Bara Hajiya ta sayo injin suya, wata ganga mai juyawa a kan gas, ta ce an daina kasko. 'Yan mata sai murna. Ban da Gwaggo. Ba injin take tsoro ba, kunya take gudu. Ita da ta koya wa kowa, a ce ta kasa a gaban yara? Ta ƙudura a ranta, in ta ƙona, ita da gidan har abada.

Ta kuwa ƙona. Da ido ta saba gane gyaɗa ta soyu, ganga kuwa a rufe take. Kafin ta ankara ƙauri ya cika gida. Ta ɗauki mayafinta, ta nufi zaure.

"Gwaggo, ina zuwa?" in ji Bahijja, wadda ta ƙona tata a damina. "Ai ba mu ci ba tukuna."

Gwaggo ta waiwayo. An riga an juye a faifai, mata sun kewaye, har Hajiya Mero ta tsugunna tana ɗiba. Idonta ya kawo ruwa. Ta dawo a hankali, ta ɗebi kaɗan ta tauna.

"Ashe haka take da ɗaci, nake sa ku ci?"

"Haka take, Gwaggo."

Ta rataye mayafin a igiya, ta share ido da gefen zani.

"To, ke Bahijja, zo ki nuna mini inda ake rage wutar nan."