Ranar da Marlys Ta Kulle Mana Ƙofa

Ƙarfe shida na safe, ko ƙanƙara ta binne motoci, Marlys Tveit tana ɗakin injin wurin ninƙaya na garinmu, kofi a hannu, ido a kan wata 'yar na'ura. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Na'urar tana auna ƙarfin da maganin kulorin yake da shi a cikin ruwa wajen ƙone ƙwayoyin cuta. In lamba ta haura ɗari shida da hamsin, Marlys ta buɗe ƙofa. In ba ta haura ba, ko magajin gari ne sai ya jira a waje.

Juma'ar nan take ritaya, kuma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa.

Shekarar da aka ba mu gasar ninƙayar yara ta garuruwa huɗu a nan jihar Dakota ta Arewa a Amurka, ni ce shugabar iyaye. Mun toya, mun dafa, baƙi sun cika harabar, sai muka tarar da ƙofa a kulle. Marlys ta leƙo ta ce lamba ta tsaya a ɗari biyar da tamanin. Na sa ta ɗebo mini ruwan, na tsoma 'yar takardar gwajin da kowa ke amfani da ita a gida, ta rine tsaf, alamar magani ya wadata. Na kaɗa mata ita a fuska, na ce in ba ta buɗe ba, Litinin sai ta nemi wani aikin.

Ko gezau. Ta ce, "Joleen, takardarki ta ƙirga masu gadi ne. Na'urata tana gaya mini ko idonsu biyu. Yau duk barci suke yi."

Ashe makon nan gari ya koma sabuwar rijiya, ruwanta mai kanwa-kanwa, shi ya kashe wa maganin kaifi. Ta gyara ruwan, lamba ta hau, gasa ta koma washegari. Baƙi suka tafi suna gunaguni, ni kuwa na rubuta ƙararta, shafi biyu cur. Bayan kwana uku sakamakon ruwan da ta ɗiba da safen nan ya dawo daga ɗakin gwaji: ƙwayoyin gudawa ne a ciki, da ransu. 'Yata Kirsten, mai shekara bakwai a lokacin, tana rukunin farko da zai faɗa ruwan.

Na janye ƙarar a ɓoye. Kunya ta hana ni tunkararta, ita kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Marlys, mai makulli, ke ce kika yarda gari ya zage ki don kada yaro ɗaya ya kwanta. Aikinki in ya yi kyau, babu abin da ke faruwa, shi ya sa ba mu iya gode miki ba. Duk wanda zai karɓi makullin nan, ya koyi cewa a'a irin taki.

Na gode, kuma ki yafe mini. Kirsten za ta zo walimar ritayarki, da jaririyarta a hannu.