Ƙyallen jirgin Kaka

Ranar wata Asabar, mako biyu bayan sallar layya, a shekarar da nake aji huɗu a makarantar 'yan mata ta unguwar Hindawiyya a Jidda, malamarmu 'yar Masar, wadda muke kira Abla, ta zana mana jirage biyu a allo. Ɗaya an ɗaga masa ƙyallen da iska ke turawa, wanda a Jidda ake kira shira'i, ɗayan kuma babu. Ta ce haka mutanen Fir'auna ke rubuta tafiya a ruwa, kowane jirgi da inda ya nufa. Kafin ta faɗi ma'anarsu aka kaɗa ƙararrawa, muka watse. Na kwafe su a bayan littafina don kawai sun ba ni sha'awa.

A lokacin gidanmu ana cikin rigima a kan irin wannan ƙyalle. Kakana na wajen uwa ya yi shekaru yana tuƙin jirgi a kogin Nilu kafin ya ƙetaro Jidda, ya bar ƙannensa a can Sudan wajen Sinnar. Da ya taho bai riƙo komai ba sai shira'insa, a naɗe ƙarƙashin gado, duk wata yakan fito da shi ya kakkaɓe ya duba ɗinki. Inna kuwa, mahaifiyata, gyaɗa take soyawa a tsakar gida, rana na dukanta, mu muna ɓare bawo muna ƙullawa a takarda. Ta yi roƙon duniya ya ba ta ta yi rumfa, ya ƙi. Ni ma bayanta nake, har nakan tsokane shi in ce ya fi son tsumma a kan 'yarsa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Amarya, da shi zan koma."

Da la'asar ina zana jiragen a ƙasa da tsinke, sai Kaka ya leƙo. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba ya nuna da sandarsa ya ce, "Wannan arewa za shi, ruwa ke kai shi. Wannan kudu ya nufa, sai da iska." Ya ce a Nilu mai gangarawa naɗe ƙyalle yake yi ya zauna, mai komawa sama kuwa dole ya buɗe. "Zuwa babu wuya, ruwa ne ya kawo mu." Ya daɗe yana kallon jirgi na biyu, sannan ya dubi gwiwoyinsa da suka kumbura. Sai a ranar na gane abin da muke neman ƙwace masa, kunya ta rufe ni.

Washegari Abla ta faɗi daidai abin da ya faɗa. Na dawo da gudu in ba shi labari, na tarar ya sa an kafa sanduna, shira'in a buɗe saman kaskon Inna. "Halas, shi ke nan," in ji shi, "ko ban tafi ba, ya sha iska."

Bai koma ba, a Jidda muka binne shi. Yanzu jikokina a 'yan awoyi suke zuwa inda suka so ta sama, babu mai tambayar ta ina iska ke kaɗawa. Shekara takwas na yi ina wasa a inuwar ƙyallen nan, ban taɓa ce masa na gode ba.