Barewar Inna

Yayana yana da wata tsohuwar katkat, irin motar nan mai hawa yashi, wadda yake kula da ita fiye da yadda yake kula da kansa. Da ita yake kai gero da sukari da ganyen shayi arewa, can bayan Tawa, wurin makiyaya, ya dawo da cuku da man shanu da labarai waɗanda rabinsu ƙari ne. Shanunmu ma suna can, a hannun wani Bafulatani wanda mahaifinsa ya yi wa mahaifinmu kiwo. Ni kuwa ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina zaune da Inna a gidanmu na Tsarnawa, bakin kwalta, inda motocin siminti daga Malbaza ke wucewa suna girgiza mana kwanuka. Ban taɓa wuce Illela ta hanyar Tawa ba. Duk ranar da Yaya ya zauna yana ba da labarin daji, sai in ji kamar in shaƙe shi don haushi.

Wata shekara da damina ta yi kyau, aka ba mu hutu, na sa shi gaba da naci har ya gaji ya ce in shirya. Inna ta ce abin da zai kai mace mai hankali dawa ba tare da dalili ba, ita ba ta san shi ba. Ta dai ɗaura mini ƙuli-ƙuli da garin fura.

Har yanzu ba na iya cewa na yi da-na-sanin ganin abin da na gani, kuma wannan ma yana cikin abin da ke damuna. Da muka bar kwalta muka bar jar hanya, Yaya ya sauka ya rage iskar tayu, muka shiga inda babu hanya sai sawun raƙuma. Gonaki suka ƙare. Ni da na tashi ina ganin kowane taku na ƙasa da mai shi, sai ga ƙasa shimfiɗe har iyakar ganina, ciyawa kore shar, iska na kwantar da ita tana tashi. Tuddan yashi jajaye, a gindinsu farar ƙaya da aduwa. Muka iske wani tabki cike da tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, a gefe gauraka biyu suna taku da gezarsu kamar masu zuwa biki. Wani tuje ya tashi dab da motar, na ƙwala ihu don ban san tsuntsu na kai wannan girma ba. Yaya ya yi dariya har da buga sitiyari. Dila ya tsaya kan tudu ya dube mu, bai ko yi niyyar gudu ba. Ƙarangiya ta cika mini zane, ban damu ba.

A wata 'yar kasuwar daji muka ɗauki mai kiwon namu, don ya nuna mana inda rugarsu ta koma. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, ina kiransa Baffa. Ya zauna a baya kan buhunan gero, yana nuna hanya da sandarsa ta taga.

La'asar ta yi sanyi muka gan ta. Barewa ce, ta fito daga bayan wata ƙaya, 'yarta na biye da ita tana tangaɗi a kan ƙafafu sirara. 'Yar ta yi 'yan taku ta faɗa cikin ciyawa ta ɓace. Uwar kuwa, maimakon ta yi nesa, sai ta jera da motar ta gefena, tana tsalle tana dira ba ka jin ko motsi, farin cikinta na walƙiya a rana. Ta daɗe tana bin mu haka kafin ta karkata. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma bakina bai taɓa sanin linzami ba.

"Wayyo Allah," na ce, "ina ma 'yar nan tawa ce!"

Yaya ya juyo ya harare ni. Ban gane dalili ba.

Abin haushin shi ne na san al'adar. Tun muna yara Inna ke ja mana kunne: in kun shiga gidan mutane, kada ku yaba abin da kuka gani, don mai gida zai ɗauka roƙo ne, ya ba ku ko da shi ke nan gare shi. Na san wannan a kan tabarma da ƙwarya da ɗan kunne. Ban taɓa kawo wa raina cewa daji ma gidan wani ne ba, kuma a cikin gidan Baffa nake zaune tun da muka bar kwalta.

Washegari da hantsi ina shan nono a ƙofar bukkar matarsa, sai ga shi ya dawo da abu naɗe a rawaninsa. Ya durƙusa ya ajiye a gabana. Kunnuwa na fara gani, manya, suna rawa: 'yar barewar nan ce. Ya bi sawu tun da asuba, ya iske ta kwance inda uwar ta ɓoye ta.

"Ga baƙuwarki," ya ce. "Ba mu da abin kirki a nan."

Na ajiye nonon. Na fara cewa a'a, wasa nake, a mayar da ita. Yaya ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ke kinka roƙa, gaban mutum. Ya tashi tun duhu ya taka ƙaya saboda ke, yanzu ki ce mishi wasa kike? In kin ƙi ta, kin zage shi. Kuma shi da kanshi ya ce uwar ba ta sake amsar ta, tunda hannu ya taɓa ta."

Na koma na yi godiya. Na yi godiya sosai, har da addu'a, ina murmushi, ina jin zuciyar 'yar dabbar tana bugawa a tafin hannuna. A hanyar dawowa ban kalli tabki ba, ban kalli gauraka ba. Idona na kan kowace ƙaya, ina tsoron in ga uwar tsaye.

Inna ta yi faɗa kamar za ta ci ni ɗanya. "Mi kika kwaso mini? Ɗiyar wani kinka raba da uwatta, don idonki ya ga kyau?" Tana faɗan tana miƙa hannu. Kafin magariba ta kama wata akuyarmu mai shayarwa ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta cusa bakin 'yar barewar a hantsa. Akuyar ta yi ta harbi, Inna ta yi ta zaginta da kakanninta, har ta haƙura.

Ta rayu. Ba ni na rayar da ita ba, ni dai na kawo. Inna ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, ta keɓe mata wani tsohon kwano, tana zuba mata dusa da ganyen wake. Duk inda Inna ta sa ƙafa a tsakar gida tana bayanta, in tana tankaɗe ta sa hanci a gari, in tana salla ta kwanta a gefen tabarma. Tun rasuwar Baba ban ƙara jin Inna tana hira ita kaɗai tana dariya ba sai a lokacin. Wani abin kuma, Yaya kan kawo mata harawa a bayan katkat duk ranar da ya zo, har ta gane kukan motar a cikin dukan motocin da ke wuce kwalta. Tirela ta wuce ba ta ko ɗaga kai, amma da ta ji katkat daga nesa sai ta ruga ƙofar gida tana karkaɗa 'yar wutsiyarta.

Ni ce ban samu sukuni ba. Da ta girma, ta yi 'yan ƙahoni, sai ta ɗauki wata ɗabi'a: da rana ta karkata, ta je jikin katanga ta yi ta kai da komo, har ƙafafunta suka haƙa 'yar hanya a ƙasa. In na dawo daga lakwal na gan ta haka, abinci ba ya shiga mini. Na ga yadda uwarta ke gudu, na san tsakar gidanmu bai kai tsalle biyar ba. Sai na fara: Inna, a mayar da ita. Inna, zalunci ne. Inna, Allah zai tambaye mu.

"Allah zai tambaye ki dai," in ji Inna. "Ni abinci nike ba ta. Wagga da ta tashi da nonon akuya, mi ta sani a daji? Ko ruwa sai a kwano ta iya sha."

Gaskiyarta ce, na kuma san gaskiyarta ce. Amma in na kafe a kan magana, ko Yaya ba ya iya ni. Na ce dabba ba ta manta asalinta, na kawo abin da na karanta da wanda ban karanta ba. A raina kuwa abin da nake so shi ne in shigo gida in daina ganin abin da bakina ya jawo yana zagaya katanga. Damina ta sake zagayowa, ciyawa ta yi, na ce yanzu ne lokaci, ba za ta rasa abinci ba. Inna ta gaji ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Ranar tafiya Inna da kanta ta riƙe ta har aka sa ta a mota. Na kai hannu zan kwance jan ƙyallen, ta buge mini hannu.

"Bar shi. In maharbi ya gani, ya san tana da mai ita."

Ba mu iske Baffa ba, rugarsu ta ƙara yin gaba, kuma ba wanda ya san ina. Yaya ya ce mu koma da ita gida, wata tafiyar a bar ta cikin awakin Baffa. Na ce mun riga mun zo. Muka nemi wajen da muka fara ganin uwar, kusa da tabkin nan. Komai na nan kamar yadda na bar shi, dinya, gauraka, ciyawa har gwiwa. Barewa ce dai ba mu gani ba, ko ɗaya, ko sawu.

Muka sauke ta. Ta tsaya tana rawar jiki, ta shinshina ƙasa, ta shinshina zanena. Na kore ta da hannu, ta yi tsalle guda ta dawo. A hankali ta ɗan matsa ta fara tsinkar ciyawa, na ce wa Yaya mu lallaɓa mu tafi. Na manta cewa kukan katkat a wurinta harawa ce. Yana tayar da motar, ta ɗaga kai.

Ta biyo mu. A cikin yashi katkat ba ta da gudu, nan da nan ta cim mana, ta jera da motar ta gefena. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta samu wurin gudu, kuma ta iya, wallahi ta iya, tana tsalle tana dira daidai yadda uwarta ta yi, jan ƙyallen Inna na kaɗawa a wuyanta. Tana gudu tana kallon taga. Yaya ya sassauta ƙafa.

"Mu tsaya," ya ce. "Wagga ba ta zama."

Na san in muka tsaya zan ɗauke ta, in na ɗauke ta katanga na jiranmu ni da ita. Na ce, "Yaya, taka."

Ya dube ni, ya taka. Muka fita daga yashi muka hau faƙo, motar ta samu ƙasa mai ƙarfi. Barewar ta koma baya kaɗan-kaɗan. A madubin gefe na ci gaba da ganin jan nan yana tashi yana sauka, ba ta karkata ba, ba ta tsaya ba, har tudu ya shiga tsakaninmu.

Mun iske Inna zaune a tsakar gida tana tsince wake. Da ta ji kukan katkat, in ji maƙwabciyarmu da ke zaune da ita, sai da ta juya ta dubi ƙofa. Na gaishe ta ta amsa, ba ta ɗago ba.

"Ta samu 'yan uwanta?"

"Ba mu ga ko guda ba, Inna."

"To, mi ta yi da kunka sake ta?"

Yaya ya fita waje ya bar ni. Na shirya ƙarya tun daga Illela, amma da na buɗe baki ta ƙi fitowa.

"Ta biyo mu," na ce. "Ta daɗe tana bin motar."

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken. Ta ɗago ta dube ni, ba faɗa, ba zagi, da ma ta zage ni.

"Kuma ba ku tsaya ba," ta ce.

Ta ajiye faifan, ta tashi ta ɗauko tsohon kwanon daga gindin katanga. Akwai sauran dusa a ciki. Ta juye wa akuyar, ta wanke kwanon, ta kife shi a kan randa.