Watanni Shidan da Aka Ɓoye wa Dona Ermelinda

Ƙofata da ta Dona Ermelinda suna kallon juna a hawa na uku, a wani tsohon bene da ke unguwar Mouraria. A nan na iske ta lokacin da muka tare da marigayi mijina, Allah ya ji ƙansa. Ɗinki ne sana'arta, amma na gyara: ta juya wuyan rigar da ya cinye, ta rage tsawon wando, ta ƙara wa siket faɗi ba tare da ta ce wa mai shi ta yi ƙiba ba. Tana da shekara goma sha huɗu aka sauko da ita daga ƙauyensu na kan duwatsun arewa don aikatau. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma koma can ba sai in jana'iza ta kai ta.

A watan Janairu takarda ta zo. Benen ya koma hannun wani kamfani, suna so su gyara ɗakunan su riƙa sauke masu yawon buɗe ido. Ni ba su taɓa ni ba, don na wuce saba'in, doka kuwa ta tsaya wa wanda ya kai sittin da biyar ya kuma daɗe a gida. Ermelinda aka ce ta tattara kayanta.

Na raka ta ƙungiyar 'yan haya. Lauyar da ke wurin ta duba katin shaidarta, ta girgiza kai.

"Dona Ermelinda, sai Mayu za ki cika sittin da biyar. Ranar da takardar ta iso ake dubawa."

"'Yata, kalli fuskar nan da kyau. Ki rubuta tamanin, na rantse ba mai musa miki."

Lauyar ta yi murmushi ta ce alƙali kati yake dubawa.

A hanyar komawa muna hawa tudu muna hutawa, tana ta mita. "Uwata ma har ta mutu tana cewa na hana ta tsinkar zaitun. Wai tana kan bishiya naƙuda ta kama ta. Tun ranar farko ni matsala ce."

Na tsaya na riƙe bango. "Maƙwabciya, zaitun na wane gari ake tsinka a Mayu?"

"Ke kuma Graciete! Ana maganar gida kina maganar gona. Taho mu tafi, ƙafata na ciwo."

Abin ya tsaya mini a rai, har a coci na kasa tara hankalina kan addu'a. Ni ma 'yar ƙauye ce, na san da hunturu ake tsinkar zaitun. A zamaninmu idan an haihu da hunturu, ƙanƙara ta toshe hanya, uba ba ya sauka gari yin rajista sai ta narke. Wanda ya makara kuma tara ake cin sa, don haka sai ya ce wa magatakarda shekaranjiya aka haihu. Baftisma dai ba a jinkirta ta, saboda jarirai na mutuwa a sanyi, kuma ba wanda ke iya yi wa limamin ƙauyensa ƙaryar rana, tunda shi ma ya ji kukan jaririn.

Na ɗauko biro na rubuta wa limamin cocin ƙauyensu wasiƙa, da wannan rubutun nawa mai karkata. Ban gaya mata ba, kada in sa mata rai a banza.

Bayan mako uku amsa ta zo, da hoton shafin wani tsohon littafi. Ermelinda, 'yar Albano da Perpétua, an haife ta ashirin ga Nuwamba, an yi mata baftisma ashirin da bakwai.

Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta ajiye a kan keken ɗinki.

"Ashe babana maƙaryaci ne," in ji ta a hankali. "Mutumin da ya zane ni don na ce ba ni na sha madara ba."

"Ki yi masa addu'a, talauci ne."

"Zan yi. Amma sai na gama jin haushi."

Lauyar ta kai shafin inda ake gyara rajista. Abin ya ja mu har ƙarshen rani, Ermelinda ta rame, ta daina karɓar ɗinki mai yawa don ba ta san inda za ta ƙarasa shi ba. Daga baya aka gyara katin, kamfanin ya janye takardarsa.

Labarin bai kai ga wani ma'aikacinsu ba, sai ga shi wata safiya da abin awo zai auna ɗakinta. Ta tare ƙofa da jikinta.

"Ɗana, ka makara. Ni tsohuwa ce tun Nuwamban bara, gwamnati ce ba ta sani ba. In kana da wando mai son gyara, shigo. In awo ne, sauka a hankali, matakala ta biyar tana motsi."