Oba-oba Uku da Jirgin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi rayuwarsa a kan layin dogo. Da jiragen suka daina zuwa garinmu sai ya koma gida a unguwar Moduganari ya zauna, ba ya ciwo amma kullum kamar mara lafiya. Ana nan wani Alhaji ya sayi wani tsohon sito a gefen gari don ya mayar da filin lambun shaƙatawa, aka tarar da ƙaramin kan jirgi da taragu biyu a cikin ciyawa. Da su ake jan buhunan gyaɗa zuwa babban layi a zamanin da. Alhaji ya so ya sayar wa 'yan gwangwan, Kawu ya je har gida ya roƙe shi ya bar masa su. Ya shafe damina da rani yana kwance a ƙarƙashin injin nan yana gyara har injin ya tashi. Aka kafa bencuna a taragun, aka yi musu fenti kore, jirgin ya fara zagayawa da iyalai ranar Juma'a da yamma da ƙarshen mako.

Ni gyaran waya da rediyo nake yi a unguwar Bolori, ban taɓa tunanin zan shiga harkar jirgi ba. Abin da ya jawo ni shi ne yadda layin yake. Yana fita daga lambun ta wata ƙofa, ya bi bayan katanga, ya sha kwana, sannan ya ratsa wata 'yar hanya da mutanen unguwa suke bi zuwa famfon burtsatse kafin ya koma ciki. Direba ba ya ganin hanyar nan sai ya gama shan kwanar, kuma jirgin, duk da tafiyarsa ba ta fi sassarfar mutum ba, ba ya tsayawa nan take. Kawu ya ce in samo musu oba-oba, rediyon magana irin na 'yan sanda. Na samo guda uku, na daidaita su a kan tasha ɗaya. Ɗaya ta Kawu, ɗaya ta mai tsaron mararrabar, ɗaya ta tsohon abokinsa da muke kira Baba, wanda aka ba aikin sallamar jirgi daga rumfar da fasinja suke hawa. Da aka rasa wanda zai tsaya a mararrabar, mahaifiyata ta ce ai ga ni.

Ranar farko na tara su a inuwar darbejiya na yi musu bayani. Na ce wannan ba wayar salula ba ce, mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, kuma muddin wani ya danne maɓallinsa, sauran ba su da baki. Na ce kafin jirgi ya tashi Baba zai tambaye ni, ni zan ce hanya a buɗe take, Kawu ya maimaita abin da ya ji, sannan ya saki birki. Idan kuwa aka ji kalmar tsaya daga bakin kowa, a tsaya tukuna, a yi tambaya daga baya. Suka gyaɗa kai. Baba ya juya tasa a hannu, ya ce abu ne mai sauƙi, shi da ya ga zamanin wayar tangaraho.

Kiransa na farko gaisuwa ce. Ya danne maɓalli ya fara da wushe, sannun Barebari, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi iyalina, ya tambayi zafi, ya juya Kanuri ya gaida Kawu da yake zaune a gabansa yana kallonsa. Ina tsaye a rana ina jiran ya saki in amsa. Da na je na ce masa a taƙaita, sai ya dube ni ya ce shi bai iya kiran mutum ya hau ba shi umarni kamar soja ba tare da ya ji lafiyarsa ba. Na ce to mu gaisa baki da baki kafin a fara aiki, mu gama gaisuwar duka. Ya yarda. Muka gaisa sosai a rumfa, na taka zuwa mararraba, ina isa na ji muryarsa yana tambaya ko na isa lafiya.

Kawu kuma nasa daban ne. Kunnensa ɗaya ya yi nauyi saboda ƙarar inji, kuma ya tsani shuuu ɗin da na'urar take yi, sai ya rage murya har ƙasa ya jefa ta aljihu. In na ce ya maimaita abin da na faɗa, sai ya busa odar jirgi, wai amsarsa ke nan. Na yi ta gaya masa oda ba ta nuna mini ko buɗe ya ji ko rufe. Yakan ce ya tuƙa jirgi mai taragu masu yawa daga nan har kudu da tuta da fitila kawai. Ba na iya yi masa musu, kawuna ne, sai in koma wurina.

Ga batun caji. A lokacin gari ya daɗe babu wuta, ni nake kwashe su in kai shagona in haɗa da sola. Wata rana a shingen bincike aka ga oba-oba uku a jakata, aka sauke ni daga Keke Napep, na zauna a ƙasa ina bayanin jirgin yara ga mutanen da ba su taɓa jin akwai jirgi a garin ba, sai da Alhaji ya zo da kansa. Daga nan na daina fita da su. Aka bar cajin a hannun maigadin lambun, wanda yakan cire su ya sa wayarsa.

Duk da haka muka yi ta lallaɓawa, har ranar Sallah ta zo. Lambun ya cika maƙil, mata da yara cikin sababbin kaya, ƙamshin turaren wuta har bayan katanga. Da la'asar jirgin yana rumfa yana lodi, ni ina mararraba, sai ga wani ɗan ga-ruwa, magidanci mai furfura a gemu, ya turo kurarsa cike da jarkoki. Na bar shi ya wuce tunda ba a tambaye ni hanya ba tukuna. Yana hawa layin, tayarsa ɗaya ta faɗa tsakanin ƙarfe da katakon da aka shimfiɗa, ta maƙale. Muka tura, muka ja, ko motsi. Na ce masa mu sauke jarkokin. Mun sauke biyu ke nan na ji odar jirgi daga cikin lambu, irin wadda Kawu yake busawa in ya tashi.

Na ɗauko oba-oba na danna na ce a tsaya. Da na saki, sai muryar Baba ta fito, ba da ni yake ba. Ya sa na'urar a aljihun gefe ya jingina da benci, maɓallin ya danne, yana ba wani labarin yadda bandar kifin yanzu ba ta kai ta da daɗi ba. Ina jin dariyar abokin hirarsa, ina jin kukan wani jariri kusa da su. Na sake dannawa, na kira Kawu, na kira Baba, na faɗi kalmar da muka yi alkawari a kanta har muryata ta dushe. Babu wanda ya ji ni. Daga baya na gane cewa baƙin Alhaji ne suka hau, aka ƙagu, Baba ya ɗaga wa Kawu hannu kawai, shi kuma ya saki birki.

Na ce wa mai ruwan ya bar kurar ya matsa, na cire jar hular da nake sawa don aikin, na bi tsakiyar layi da gudu ina kaɗa ta. Takalmina ɗaya ya fita a kan duwatsun. Ina kaiwa kwanar jirgin yana fitowa, na yi tsalle gefe, na ga fuskar Kawu lokacin da ya hango kurar. Ya ja birki da hannu biyu. Ƙarfe ya yi ƙara, taragun suka yi karo da juna, jirgin ya ci gaba da silalewa a hankali kamar ba zai taɓa tsayawa ba, har ya dangana da kurar ya ture ta. Jarkoki suka farfashe, ruwa ya malale. Mai ruwan bai matsa da nisa ba, yana ƙoƙarin ceton kayansa, hannun kurar ya buge shi a ƙwauri ya faɗi zaune.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaran cikin taragun tafi suka yi. Sun ɗauka wasa ne aka shirya musu. Kuma a na'urar da take hannuna, har lokacin, Baba yana ta bayanin kifi.

An kai mai ruwan kemis aka ɗaure masa ƙafa, ba karaya. Alhaji ya sa aka gyara masa kura aka sake masa jarkoki. Da muka zauna a ofishin lambu na ɗauka yau kam za a saurare ni. Baba ya riga ni magana, ya ce na'urar ce ba ta da kyau, tana magana da kanta. Alhaji ya ce to a sayo manya, masu dogon eriya. Na ce ko wadda ta kai tsawon mutum aka sayo, in aka zauna a kan maɓalli haka za ta yi, kuma ba na'ura ce ta sallami jirgi ba a tambaye ni ba. Aka dube ni kamar yaron da ya wuce gona da iri. Wani daga cikin baƙin ya ce a gode wa Allah tunda ba a rasa rai ba, kowa ya ce haka ne, aka tashi.

Kawu ma ya tashi ya tafi gida. Bayan kwana biyu ya zo shagona, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a kan benci yana kallon yadda nake narka dalma. Can ya ce, “Na ji hirar kifin nan, ka sani. Na ƙara murya ma don in ji ƙarshenta.”

Na ce, “Kawu, da ka ji ba muryata ba ce, ai da ka tsaya.”

Ya ce, “Ɗaure mini na'urar a kafaɗa, ta gefen kunnen da yake ji.”

Na ɗinka masa maɗauri da tsohon bel. Tun daga ranar ba ya sakin birki sai ya ji ni, kuma yana maimaitawa, ko da yake cikin gunaguni. Baba kuwa na manna murfin kwalba a kan maɓallinsa yadda sai da yatsa za a iya danna shi, ya ɓamɓare ya ce yana kama masa aljihun riga. Na nemi a sa ƙofar ƙarfe a mararrabar, aka kawo mini gora guda da igiya. Da baƙi suka yi ƙorafin jirgin ba shi da armashi, Alhaji ya sa aka ɗaura lasifika a taragon farko, daidai bayan kan Kawu, ana sakin kiɗa.

Har yanzu ina zuwa, don in ban je ba, maigadi za a tura. Mai ruwan ya daina bi ta wurin. Yana zagayawa ta bayan makaranta, hanya mai yashi da nisa, ina hango shi daga inda nake tsaye yana turawa yana ɗingishi. Na taɓa ɗaga gorar na yafito shi, na ce hanya a buɗe take. Ya dube ni, ya dubi layin, ya ci gaba da tura kurarsa cikin yashi.