Jarkar da Ta Fitar da Baffa Daga Aji

Har yau idan na gifta rumfar masu maganin feshi a kasuwar Funtuwa, warin nan mai kama da tafarnuwa da kananzir ya bugi hancina, sai in kau da kai in wuce da sauri. Ka yi mini uzuri, abin da ido ya gani da ƙuruciya ba ya gogewa.

A ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Ɗanja, auduga ce arzikinmu. Idan damina ta yi nisa, fure ya rufe gona, sai a shiga feshi. Jarkokin maganin kuwa ba a yar da su. A ɗauraye, a zuba ruwa ko kunu. Baffana, ƙanin mahaifina, malamin kemistiri ne a sakandare. Duk zuwansa gida sai ya yi faɗa a kan jarkokin nan, ana dariya ana cewa boko ya sa masa tsoro.

Wata Asabar da hantsi aka shigo da yayana a kafaɗa. Kunu ya sha a gona daga irin jarkar nan. Gumi na tsiyaya daga jikinsa, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Ina tsaye jikin rumbu, ina jin ƙirjinsa yana ƙara kamar ana tafasa ruwa a ciki.

Kaka ta fito da ƙwaryar nono da manja. Baffa ya sha gabanta.

"Inna, kada ki ɗura masa. Shaƙewa zai yi."

"Ni za ka koya wa jinya? Matsa!"

Sai ya karɓe ƙwaryar daga hannunta. Ba a taɓa yin haka a gidanmu ba. Ya ɗora yayana a babur, mahaifina ya riƙe shi ta baya, Baffa ya rataya jarkar domin likita ya ga sunan maganin. Hanya duk laka. Mu kuwa muka zauna, kowace ƙarar babur sai mahaifiyata ta miƙe tana salati. Ba a ɗora tukunya ba ranar. Sai bayan la'asar saƙo ya iso cewa yana numfashi.

Ya rayu, amma har gobe hannunsa yana rawa.

Baffa bai daɗe ba ya ajiye alli. Na ji yana ce wa mahaifina, "Yaya, ina aji ina rubuta sunan guba a allo, ita kuma tana cikin kunun gidanmu." Ya koma karatu, daga nan wani kamfanin magungunan gona ya ɗauke shi. Sannu a hankali ya zama shugaban sashen bincikensu, matasa na aiki a ƙarƙashinsa, suna neman abin da zai kashe tsutsa ya bar manomi.

Kaka ba ta taɓa sakin jiki da aikin nan ba. Cewa take ɗanta ya tare a gidan da ake dafa abin. Har ta rasu, duk tsarabar da ya kawo sai ta shinshina.

Yanzu auduga ta ja baya, masara da waken suya sun cinye gonakin, feshi kuma ya ƙaru, ko ciyawa ba a nomewa. Da Sallar bara na tambayi Baffa, furfura ta gama rufe shi, ko hankalinsa ya kwanta. Ya kalli jikokinsa suna cin ɗanwake a tabarma.

"Da ina aji," in ji shi, "rabin abin na sani, shi ya sa nake iya barci a lokacin."